Inuwarki Ta Kai Bakin Rijiya, Muna

Filinge, Laraba 14 ga Mayu 1924, da hantsi. Ina zaune a ƙasa bayan bariki, kusa da gwangwanin auna ruwan sama, wanda na leƙa ɗazu na tarar babu komai a cikinsa sai ƙadangare. Da ajami nake rubutu, irin wanda muka koya tare a zaure kafin a kama ni a kai ni lakwal, makarantar nasara ta Yamai, domin ki karanta da kanki, kada wani ya karanta miki ya ƙara gishiri.

Ya Muna, sanyin randar da aka binne cikin yashi, gawona mai ganye a lokacin da duk itatuwan Kurfai suka tuɓe, shamuwar farko da ke sauka kan rumbu a ce damina ta kusa, ɗiyar Baba Manzo wadda dariyarta ke tayar da zabin unguwa! Na so in ce idanunki na barewa ne, amma barewa ɗaya na taɓa gani kurkusa, ita ma a ɗaure a bayan dokin gardi, dogarin bariki, kuma ba zan jingina ki da abin da ban tabbatar ba. Abin da na tabbatar shi ne, idan kika ɗago kai daga turmi kika dube ni, sai in manta duk kogunan Faransa da na sha bulala a kansu. Wace makaranta ce ke koyar da abin da mutum zai yi da hannuwansa a irin wannan lokaci?

Shekaranjiya Inna Dijatu, ƙanwar mahaifiyarki, ta zo gidanmu da baƙin zanen baikon da na kai miki, a naɗe yadda na kai shi. Ta ajiye a gabana ta ce, “Ta ce ka tahi Yamai abinka, ka nemi wadda ake iya ɗauka. Ita ta yi nauyi.” Ta sha ruwa, ta goge baki, sannan ta ƙara nata: “Ni dai aike ne, ɗana. In kana so in koma in ce na iske ka kana barci, ba ni musu.” Na ce a’a, Inna, ki ce mata kin iske ni a farke. Wannan takarda ita ce amsata. Sai dai ki yi mini haƙuri in jera abubuwa yadda suka faru, domin mutanen garin nan sun dagula labarinki har ke ma, ina jin, kin fara yarda da nasu.

Bayan girbin bara ne. Babu wanda ya mutu, rumbunan gidanku sun cika, babu wanda ya zage ki. Ina nanata wannan domin kowa yana da dalilin da ya ƙirƙira miki, ke kuwa da na tambaye ki kin ce ba ki sani ba, kuma ke na gaskata. Wata ranar kasuwa da tsakar rana, lokacin da inuwar kowa ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa kamar ɗan tsako, taki ta ƙi shiga. Ta tsaya a gefe, baƙa wuluk, tsawon taɓarya. Kafin sanyi ya wuce ta rufe turmi, ta rufe murhu, ta hau danga ta sauka a ƙofar gida. Kika fara jan ta kamar jiƙaƙƙiyar fatar sa. Daga ɗaki zuwa randa sai kin tsaya kin huta. Daga baya kika daina zuwa randar. Yanzu kina kwance a ɗaki, ita kuwa ta fito ta ƙarƙashin ƙofa ta malale, ta wuce rumbuna, ta ci rabin gonar bayan gida, har ta kai bakin rijiya.

Kuma sanyi gare ta. Nan ne abin ya lalace.

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, kin sani, ko da yake ba ki ga abin da na gani ba. Maza suka ɗauko tabarmi suka kwanta jere a cikin inuwarki kamar damman gero. A’isa mai nono ta gano cewa ƙwaryarta ba ta tsami a can, mahauci ya kafa sandar ratayar nama, masu awaki suka fara faɗa a kan iyaka. Na ji wani dattijo, yana kishingiɗe rawaninsa a kan ciki, yana cewa bai taɓa azumi mai sauƙin na bana ba. Sai ya juya wajen ɗakinki ya ɗaga murya: “Ke kuwa ɗiyar Manzo, ki saki ranki mana. Mi kika rasa? Ga gero, ga miji mai takalmi.” Ya gyara kwanciya ya koma barci. Kowa yana so ki warke, Muna, wallahi suna so. Sai dai akasarinsu sun fi so ki warke bayan ruwan farko.

An yi miki magani iri-iri, ba zan zalunci kowa ba. An yi hayaƙi har kajin gida suka yi tari. An ɗauko masu goge, suka duba rana, suka duba inuwa, suka ce iskokin sun fi jin kiɗa idan mai kiɗan yana cikin sanyi. Likitan bature da ya biyo ta nan kan hanyarsa ta zuwa arewa ya sa kika fito da harshe, ya ba da kinin, ya ce inuwa ba ta cikin jikin mutum, saboda haka ba aikinsa ba ce. A ƙasa take, ƙasa kuwa ta Kumandan ce, baturen bariki.

Haka maganar ta isa bariki. Kumandan yana da lambun salati da rana ke kashewa, sai ya ga hanya. Ya ce a ɗauko ki a zaunar gabas da lambun, inuwarki ta yi wa gwamnati aiki. Amma da yake mutum ne mai tsari, ya ce zai fara duba kayan da kansa. Magagi gardi ya ɗauko kujera a ka, ni na biyo baya a matsayina na ƙaramin tafinta, satifikata ko tawada ba ta gama bushewa ba. Aka kafa kujera tsakanin rumbu da rijiya. Kumandan ya zauna, ya cire hularsa, ya yi ajiyar zuciya, ya umarce ni in rubuta cewa an gano sabon arziki a ƙasar Kurfai wanda ba ya bukatar ban ruwa.

Abin da masu tabarmi suka sani, shi bai sani ba: gefen inuwar ne ke da daɗi, kuma na ɗan lokaci. Su a baki-baki suke kwanciya, in suka ji ƙirji ya fara nauyi su mirgina waje. Shi kuwa, da yake babba ne, tsakiya ya zaɓa.

Sanyin ya ratsa shi. Sai ya fara magana a hankali, ba da ni ba, ba da kowa ba. Wani ƙaramin kogi a ƙasarsu. Wata miya da uwarsa ke yi da albasa. Wani kare da ya bari a bakin ƙofa, wanda a lissafinsa tuni ya mutu. Hawaye suka biyo gashin bakinsa. Magagi ya ɗaga kai yana nazarin sama kamar an ba shi aikin ƙirga ungulu. Baba Manzo ya matso ya tambaye ni a hankali me bature ke cewa, na ce, Baba, yana marmarin gida. Baba ya ce, “To ya tahi mana, wa ya riƙe shi?” Wannan ban fassara ba.

Washegari aka buga ganga. An hana inuwar ɗiyar Manzo wuce danga, da umarnin gwamnati. Magagi ya tsaya a bakin rijiya ya faɗa mata dokar da Hausa, ya maimaita da Zabarmanci ko ba ta ji ba, sannan ya tsula mata bulala. Ƙura ta tashi, ta koma. Ni kuma aka kira ni ofis aka ce an ga hazaƙata, an ɗaga ni zuwa biro, babban ofishin Yamai, in shirya kayana kafin kasuwar Lahadi. Ba na zargin kowa. Na dai lura cewa mutum ɗaya ne a Filinge ya ji labarin miyar albasa da harshen da aka faɗe shi, kuma shi ne hazaƙarsa ta bayyana cikin dare ɗaya.

Wannan labarin ne ya iso miki, har kika naɗe zane. Ga ragowarsa, wadda ba a kawo miki ba. Na tsaya gaban teburin Kumandan, na gode masa da Faransancin da ya fi kowane tsabta a cikin wanda na mallaka. Na ce sai dai ina jin tsoro, domin a Yamai za a tambaye ni batun inuwar, kuma Mushe, malaminmu na lakwal, ya hore mu kada mu tsallake komai a cikin bayani. Dole in faɗi kujerar, da kogin, da karen, da hankicin da ya jiƙe. Allah Ya sani ba barazana na yi ba, fargabar da ke raina ke nan tsakani da Allah, kada in manta wani abu a ce ban iya aiki ba. Kafin azahar aka sanar cewa gwangwanin auna ruwan sama yana bukatar mai satifika ya tsare shi. Ga ni nan a gindinsa. Babu ƙarin girma, babu Yamai, babu abin da za ki sake ni in je in samu. Kin yi mini kyautar hanya, hasken idona, amma hanyar ta rufe, kuma ni na ja mata ƙaya da hannuna ina murna.

Saura maganar nauyi.

Kin san kullum da la’asar nakan shigo in zauna a ƙofar ɗakinki, can ciki inda masu tabarmi ba sa kaiwa. Ban taɓa gaya miki abin da nake ji a wurin ba. Goro yakan koma kamar ɓawon itace a bakina. Muryoyin mutane sukan yi nisa, kamar ina ƙasan rijiya suna hira a sama. Nakan tuna duk abin da nake so, in ga yana nan, amma kamar na wani ne. Sannan in an kira magariba in miƙe, in taka waje, iska ta dawo ƙirjina. Ni ina da waje. Ke a gindinta kike, dare da rana, tun girbi. To da wane baki zan ce miki ki saki ranki? Wa ya taɓa sakin abin da ke ɗinke da dunduniyarsa?

Rannan kika ce mini ta bayan asabari, “Kailu, ba ƙin ka nike ba. Ba ni jin komi ne, har kai.” Na koma gida na juya maganar nan har gari ya waye, kamar yadda muke juya lissafi mai wuya a lakwal, na ga babu ƙarya a cikinta kuma babu sallama. Ba ki ce kin fi son wani ba. Kin ce ɗakin duhu ne, ba ki ganin kowa. To ni ba sai an gan ni ba nake nan. Rumbu ma ba ya ganin geron da ke cikinsa, ya farin watan da ya shiga gajimare, ya ruwan kwarin dallol da ke kwance ƙarƙashin yashi ana tafiya a kansa ana kukan ƙishirwa!

Inna ta ce kin kuma ce inuwar kullum ƙaruwa take, wata rana za ta cinye garin da ni a ciki. A nan dole in saɓa miki, domin kuskure ne, kuma ina da shaida. Tun kafin azumi nake jera fararen duwatsu a bakinta kowace safiya, rana tana daidai kan kukar kasuwa. Mutane sun ɗauka tsafin nasara ne. Alama ce kawai. Ga abin da duwatsun suka nuna: tana fita, tana kuma komawa. Ranar da kika sha furar A’isa har kika ce ta cika tsami, inuwar ta ja da baya ta bar igiyar rijiya a rana. Ranar da kika tambayi Inna ko shamuwa ta zo, ta janye tsawon ƙotar sungumi, har dattijon nan mai rawani ya farka ƙafafunsa suna gasuwa ya ce an yi masa rashin mutunci. Ba zan ɓoye miki ba: washegari ta dawo, ta ma ɗan wuce inda take. Akwai kuma ranar da ta janye ba tare da na ga dalili ba. Amma tana motsi, Muna. Daga ciki ba a ganin haka, sai daga baki. Shi ya sa ake bukatar wani a bakin.

Kin tuna binnen bara, shukar da aka yi kafin ruwa ya sauka? Na zo hutu daga Yamai da takalmin da ke cizona, Baba Manzo ya ce tunda ina son ɗiyarsa in nuna. Ƙasa busasshiya ƙayau, sama babu ko gizo-gizon hadari, aka miƙa mini sungumi. Ni a gaba ina sara, ke a baya da ƙwaryar iri, kina zuba ƙwayoyi a rami kina rufewa da dunduniya, ba ki ko duban ƙasa. Layina ya karkace kamar sawun maciji. Kika ce, “Malam lakwal, gonar Baba kake shukawa ko ta maƙwabci?” Kika yi dariya har iri ya zube a zanenki, zabi suka tashi daga gindin aduwa. Na tambaye ki, idan ruwa bai zo ba fa? Kika ce sai a sake. Haka kawai kika ce, kina tafiya, ƙurar ƙafarki tana komawa kan ramin. Ina tuna zafin ƙasar nan a tafin ƙafata bayan na yar da takalmin, da ƙamshin man shanun da ke kitsonki, da yadda na ƙi waiwayowa don kada ki ga fuskata. Ban taɓa yin aikin da ya fi wannan rashin tabbas ba, ban kuma taɓa jin na tsaya a inda ya dace kamar ranar ba.

Jiya da yamma na ari sungumin Baba. Na fara sara daga bayan ɗakinki, ta inda danga ta ɓalle, na bi ta cikin inuwar, na wuce fararen duwatsun, na fita rana har gindin aduwa. Layin ya karkace, kada ki yi zaton lakwal ta gyara ni. Ban zuba iri ba. Binne aikin mutum biyu ne, ni nawa na sani. Ƙwaryar tana ƙofar ɗakinki da faifai a kai saboda kaji.

Ba na roƙon ki warke. Masu roƙon haka sun isa, suna nan kwance a jere. Ba na roƙon ki yi dariya, ko ki yi kitso, ko ki ce kina sona alhali ba ki jin komai. Idan kin iya rami ɗaya, ki rufe ɗaya ki koma ki kwanta. Idan ba ki iya ba, iska za ta cike ramukan, ni kuma in dawo in sake sara, jibi da gata da bayan salla babba. Aikin gwamnati ya bar mini lokaci mai yawa, Allah Ya saka wa miyar albasa. Idan inuwar nan ta zauna tare da mu har tsufa, zan gina ɗakinmu ƙofarsa tana duban inda take janyewa, in kori mahauci, in bar A’isa domin furarta ta taɓa yin amfani. Zanen yana wurin Inna Dijatu. Ban karɓa ba, ita ma ta ce ba ta tuna ta kawo mini wani abu ba.

Ni ne naki a rana, naki a inuwa, naki a bakin da ke tsakaninsu inda nake jera duwatsu. Naki muddin gawo na kore da rani, muddin ana binne a Kurfai kafin a ga hadari,

Kailu, mai tsaron gwangwani.

Na saba ba na rufe takarda sai na faɗi abin da ban sani ba, don kada a ɗauka na san fiye da haka.

Ban san abin da ya kawo inuwar ba.

Ban san ko za ta tafi gaba ɗaya ba, ko za ta riƙa zuwa tana komawa kamar baƙon da ya san hanyar gida.

Ban san ko gero yana tsira a cikinta ba. Babu wanda ya taɓa gwadawa.

Ban san yaushe ruwa zai sauka ba, ko da yake ni ne jami’insa.

Ban san ko karen Kumandan yana da rai ba.

Ban kuma san wanda ya rufe ramin farko ba. Da na zo jera duwatsu yau da safe na tarar da shi a rufe, shi kaɗai, wanda ya fi kusa da ɗakinki, an danne ƙasar da dunduniya. Faifan ƙwaryar a karkace yake. Sawun ƙarami ne. Inna Dijatu ta rantse ba ita ba ce, ƙafarta kuwa kin san ta. Ba zan yanke hukunci a kan sawu ɗaya ba, ba haka aka koya mini ba. Na dai ɗora ƙaramin dutse a gefensa don kada awaki su taka, kuma ramin biyu yana nan a buɗe.